Ƙaiƙayin Kurmi: Ba Laifin Ruwa Da Manja Ba Ne

Duk wanda ya taɓa kwana a zangon Hausawa na wani ƙauyen goro ko koko a ƙasar Yarbawa, ko kuwa a bukkokin 'yan ƙwadago da ke bakin kogunan ƙasar Ibo, ya san abin da akan gani bayan sallar lisha. Mutane na zaune bisa tabarma ana hira, amma hannu bai huta ba. Wannan na susar ƙwauri da totuwar masara, wancan ya jingina da ginshiƙin rumfa yana goga baya, wani kuwa abin har ya kai shi ga kankare cinya da bayan wuƙa. In an tambayi dalili, amsa a shirye take. Waɗansu su ce ruwan Kurmi ne bai karɓe su ba, waɗansu su ce manja ne ya yi yawa a miya, waɗansu kuma su ɗora wa zufa da rashin hunturu. Ba a rasa mai cewa jifa ce daga abokin gaba.

Likitocin da suka ƙware wajen binciken ƙananan halittu masu sa ciwo ba su yarda da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. A wurinsu ƙaiƙayin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a jikin mutumin Arewa mazaunin Kudu, sau da yawa aikin wata halitta ce mai rai da ta sami wurin zama a fatarsa. Uku daga cikinsu sun fi damun jama'a, kowace da hanyar shigarta, kowace da maganinta, har ma maganin wata yakan zama haɗari ga mai ɗauke da wata. Ɗaya daga cikin ukun nan kuwa tsohuwar sananniya ce, ita ce ta makantar da dattawa a ƙauyukan bakin kogi can gida, sai dai a Kurmi ta sake kama, ba a gane ta.

Ƙazuwa, ciwon ɗakin haya

Mai sauƙin ita ce ƙazuwa, kuma ita ce ta fi kama mazauna birni, watau irin masu gadi da 'yan acaba da masu tura baro da ke kwana goma-goma a ɗaki ɗaya a Agege ko Idi Araba ko Sabon Badun. Wani ɗan ƙwaro ne dangin kaska ke kawo ta, ƙanƙantarsa ba ta kai rabin milimita ba, sai da madubin likita ake ganinsa sosai. Macen ce ke haƙa rami a saman fata tana zuba ƙwai biyu ko uku kowace rana. Abin mamaki, mutumin da ƙaiƙayi ya hana shi barci, yawanci ƙwarin da ke jikinsa ba su wuce goma zuwa goma sha biyar ba. Jiki ne ke yin bore saboda kashinsu da ƙwansu, shi ya sa wanda ya kamu karon farko yakan yi mako huɗu zuwa shida bai ji komai ba, alhali yana ta rabawa ga abokan kwanansa.

Ana gane ta da wuraren da take so: tsakanin yatsu, da wuyan hannu, da hammata, da gindin cibiya, da al'aura, kuma da dare ta fi tashi. Maganinta na shafawa ne, irin su benzyl benzoate, farin ruwan nan mai kama da nono, ko man permethrin, ko man farar wuta, a shafe jiki tun daga wuya har tafin ƙafa. Sharaɗin dai shi ne duk 'yan ɗakin su shafa rana ɗaya, mai ƙaiƙayi da marar ƙaiƙayi, a kuma wanke tufafi da mayafai da ruwan zafi, ko a ɗaure su a leda kwana uku zuwa mako guda, don ƙwaron ba ya daɗewa in ya rabu da jikin mutum. In mutum ɗaya ya yi magani shi kaɗai, asarar kuɗi ya yi. Mayukan nan na kemis masu haɗi uku, waɗanda ke kwantar da ƙaiƙayi nan take, rufa-rufa kawai suke yi, ƙwaron na ƙasa yana hayayyafa. Kada kuma a raina ta a jikin yara, domin gyambon susa kan buɗe ƙofa ga waɗansu ƙwayoyin cuta da ke iya taɓa ƙoda. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙazuwa cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su.

Ɗan baƙin ƙuda na bakin ruwa

Wanda aikinsa ya fitar da shi daga birni zuwa daji, labarinsa daban ne. Mai ɗiban yashi a kogi, da masunci, da makiyayin da ke shayar da shanu, da ɗan ƙwadagon gonar koko, da mai sayen goro da ke bin ƙauyuka, duk sun san wani ɗan baƙin ƙuda mai doro, wanda girmansa bai fi ƙwayar dawa ba. Ba ya kuka kamar sauro, ba ya jiran dare. Da rana tsaka yake cizo, ya fi son ƙwauri da idon sawu, kuma in ya tashi yakan bar ɗigon jini a wurin. Masana na kiransa Simuliyum. Ba ya ƙwai a kwata ko kududdufi, sai inda ruwa ke gudu da ƙarfi bisa duwatsu yana kumfa, domin tsutsotsinsa na bukatar ruwa mai iska. Saboda haka mazaunin tsakiyar Ikko ba shi da abin tsoro daga gare shi. Amma kogunan Ogun da Oshun, da kogin Oji na Jihar Inugu, da kogin Imo, da rassan kogin Kuros Riba, duk suna da wuraren da suka yi masa daidai.

Ƙudan kansa ɗan aike ne. In macen ta ciji mai ciwon, takan kwaso 'ya'yan wata tsutsa daga fatarsa, su yi kamar mako guda ko fiye suna girma a cikinta, sa'an nan ta juye su a jikin wanda ta ciza gaba. A nan za su nemi wuri ƙarƙashin fata, su yi wajen shekara guda kafin su balaga, su dunƙule maza da mata cikin wani ƙululu mai tauri marar zafi, wanda akan taɓo a ƙugu, ko a haƙarƙari, ko a gwiwa. Namijin bai wuce inci ɗaya da rabi ba, amma macen, ko da yake siririya ce kamar zare, takan kai ƙafa ɗaya da rabi. Tana iya yin shekara goma zuwa goma sha biyar a cikin ƙululun nan, kuma kowace rana ta Allah tana haihuwar 'ya'ya wajen dubu.

Uwar ba ta cika yin ɓarna da kanta ba. 'Ya'yan ne masifa. Kowane bai kai sulusin milimita ba, suna yawo cikin fata miliyoyi, kowane ya yi shekara ɗaya ko biyu ya mutu, kuma mutuwar tasu ce ke tayar da ƙaiƙayi. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa a cikin tsutsar akwai wata ƙwayar cuta mai suna Wolbakiya da take rayuwa tare da ita, in tsutsa ta mutu sai ƙwayar ta fito, jiki ya tasam mata da yaƙi, fata ta kumbura. Da farko ƙuraje ne ƙanana, waɗanda a Turancin buroka ake kira kurokuro. In shekaru suka tafi, fata takan yi kauri da kaushi kamar ta ƙadangare, ko ta saki ta yamutse, saurayi ɗan talatin ya koma da cinyar tsoho. Waɗansu kaluluwarsu takan kumbura ta rataya. A ƙwauri kuwa launi kan zube, ya bar dabbare-dabbaren fari, abin da likitoci ke kira fatar damisa. Da yawa an ƙaurace musu a kan zaton kuturta ce, an hana su aure, alhali ba ita ba ce.

In 'ya'yan tsutsar suka shiga ido suka riƙa mutuwa a can, sai gilashin idon ya soma dushewa daga gefe, ko kuwa jijiyar gani ta lalace. Wannan ita ce makantar kogi, kuma wanda ta riga ta rufe wa ido ba ya sake gani.

Me ya sa ba a gane ta a Kudu

Mutumin Arewa da ya fito daga kwarin kogin Hawul wajen Garkida, ko kudancin Zariya, ko ƙauyukan Taraba, ya tashi ya ga wannan ciwo da fuska ɗaya: dattijo riƙe da sanda, yaro na jansa. Tun tuni masu bincike suka lura cewa irin tsutsar da ke ƙasashen fili, inda itatuwa ba su da yawa, ta fi makantarwa nesa ba kusa ba, ita kuwa ta cikin kurmi ta fi cin fata. Saboda haka baƙo kan zo ƙauyen Kudu da ke cike da ciwon, ya duba bai ga makafi ba, ya saki jiki. Ba ya haɗa susar da yake yi da makantar kakansa.

Lissafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar na shekarar 2017 ya nuna yadda abin yake. Cikin mutum miliyan 20.9 da aka ƙiyasta suna ɗauke da tsutsar a duniya, miliyan 14.6 ciwon fata gare su, miliyan 1.15 kuma ganinsu ya taɓu. Fiye da kashi 99 cikin ɗari na masu ciwon a Afirka suke, kuma ba ƙasar da ta kai Nijeriya yawansu. Watau dai ga kowane mai matsalar ido akwai fiye da goma masu susa. Amma fa ragowar makanta a Kurmi ba rashinta ba ne, kuma mutumin da ya shekara biyar bai yi barcin kirki ba saboda ƙaiƙayi, ba za a ce lafiyarsa ƙalau ba. Ba ya iya aiki yadda ya kamata, abin da ya baro gida dominsa ke nan.

Akwai wani ruɗani kuma. Daga cizo zuwa bayyanar ƙaiƙayi yakan ɗauki shekara guda, wani lokaci har biyu ko uku. Ɗan ci-rani na iya yin aikin gona a Ondo, ya koma Ikko ya kama gadi, ko ya koma gida Katsina, sa'an nan ciwon ya fito. Malamin asibitin da ya gan shi a inda ba a san ciwon ba sai ya rubuta masa maganin ƙazuwa, ya shafa, ba sauƙi. Don haka ya wajaba mai ƙaiƙayi ya gaya wa likita duk inda ya zauna cikin shekarun baya, ko ba a tambaye shi ba. Gwajin ba wuya gare shi ba. Akan ɗan yanko fata kamar ƙwayar gero daga saman ƙugu, ba tare da jini sosai ba, a sa a ruwan gishiri, a duba da madubin likita, sai a ga 'ya'yan tsutsa suna fitowa suna mutsu-mutsu.

Shekara ɗari ana fama

A ƙasar Gwalkwas, Gana ta yau, aka fara kama zaren. A 1875 wani likitan sojan ruwa na Ingila mai suna John O'Neill ya ba da labarin ƙananan tsutsotsi da ya gani a fatar masu kurokuro. A 1893 wani Bajamushe, Rudolf Leuckart, ya bayyana siffar uwar tsutsar daga ƙululun da aka ciro a jikin mutanen ƙasar. A 1915 Rodolfo Robles na ƙasar Gwatamala ya danganta ta da ciwon ido, kana a 1926 Donald Blacklock ya tabbatar a Saliyo cewa baƙin ƙudan nan ne ke yaɗa ta. An yi shekara hamsin ke nan kafin a haɗa ƙaiƙayi da ido da ƙuda wuri ɗaya, saboda haka ba abin dariya ba ne don talaka bai haɗa su ba.

Sanin ciwo daban, magani daban. Ƙwayar da aka daɗe ana bayarwa ita ce diethylcarbamazine, wadda tsofaffin 'yan kasuwa suka sani da sunan Banocide. Tana kashe 'ya'yan tsutsar, amma a lokaci ɗaya take kashe su, jiki ya ɗauki zafi, ƙaiƙayi ya ninka, kuma in suna cikin ido tana iya gaggauta makantar da ake gudu. An daina ba masu makantar kogi ita. Duk wanda wani ya kawo wa ita a kan maganin ƙaiƙayi ne, ya ajiye sai ya ga likita.

Da aka rasa ƙwayar kirki sai aka koma kan ƙudan. A 1974 aka kafa wani babban shiri mai hedkwata a Wagadugu, wanda ya fara da ƙasashe bakwai, har da Nijar da Gana, daga baya suka zama goma sha ɗaya. Jiragen sama masu saukar ungulu suka riƙa bin koguna mako-mako suna zuba maganin kashe tsutsotsin ƙudan. Kafin a rufe shirin a 2002 an ƙiyasta ya hana mutum 600,000 makancewa, ya kuma mayar da hekta miliyan 25 ta ƙasar noma da jama'a suka gudu suka bari. Nijeriya ba ta cikin wannan shiri.

Abin da ya cece ta daga ƙasar Japan ya fito. A shekarun 1970 wani masani mai suna Satoshi Omura ya ɗebo ƙasa ya ware wata ƙwayar halitta daga cikinta, William Campbell da abokan aikinsa na kamfanin Merck a Amurka suka fitar da magani daga gare ta, aka sa masa suna ivermectin. Don dabbobi aka fara sayar da shi a 1981, kuma Fulani sun san shi sarai a allurar tsutsar shanu. Wani likitan kamfanin, Mohammed Aziz, shi ya fara gwada shi a jikin mutane a Dakar ta Senegal, aka ga yana share 'ya'yan tsutsa daga fata ba tare da irin tashin hankalin tsohuwar ƙwayar ba. A 1987 kamfanin ya yi alkawarin ba da shi kyauta, da sunan Mectizan, ga duk mai bukata har iyakar lokacin da ake bukata. Omura da Campbell sun sami lambar Nobel a 2015.

Sai dai ƙwayar ba ta kashe uwar. Tana share 'ya'yan ne, ta kuma hana uwar haihuwa na waɗansu watanni. Tun da uwa na iya kai shekara goma sha biyar, dole a riƙa sha sau ɗaya ko sau biyu a shekara har tsawon wannan lokaci, kuma dukan gari tare, don ƙuda ya rasa abin kwasa. Daga 1995 aka miƙa rabon a hannun mutanen ƙauye da kansu. Mai rabo na da littafin sunaye da sandar awo, tsayin mutum ke nuna ko ƙwaya ɗaya zai sha ko har huɗu. Ba a ba yaron da bai kai santimita 90 ba, da mai ciki, da mai jegon da ba ta yi mako ba, da mai ciwo mai tsanani. Ga wanda ya bar yankin ciwon gaba ɗaya kuwa, likita na iya ɗora shi kan doxycycline na mako huɗu zuwa shida, wanda ke kashe Wolbakiyar nan, uwar tsutsa ta zama juya ta mutu da wuri. Shi ma ba a ba mai ciki da ƙananan yara.

Tsutsar da ke ratsa ido

Ta ukun ita ce wadda mutumin Kano ko Sakkwato bai taɓa gani a gida ba, kuma ita ta fi firgitarwa. Mutum na zaune sai ya ji kamar tsakuwa a ido, a duba a ga tsutsa siririya tana tafiya a kan farin idon, bayan ɗan lokaci ta ɓace. Sunanta Lowa-lowa, tsawonta inci ɗaya zuwa uku, kuma tana iya yin fiye da shekara goma tana yawo ƙarƙashin fata. Wani ƙuda ne mai ruwan ɗorawa, dangin bobuwar da ke addabar shanu da dawaki, ke kawo ta. A cikin kurmi mai duhu yake zama, yana ƙwai a taɓon bakin rafi, da rana yake cizo, kuma hayaƙin itace na jawo shi. Masu tatsar roba a wajen Sapele da masu yankan katako a Kuros Riba da kudancin Kamaru sun fi kowa haɗuwa da shi.

Alamarta ta biyu kumburi ne da kan fito a hannu ko wuyan hannu ko fuska, girman ƙwan kaza, mai ƙaiƙayi, ya yi kwana biyu ko uku ya sace, ya sake fitowa wani wuri. A littattafan likita na duniya duka sunansa kumburin Kalaba, domin a jikin mutanen da suka zauna a garin aka fara bayyana shi sosai a ƙarshen ƙarni na 19. Wani abin lura, baƙo ya fi ɗan ƙasa shan wahalar kumburin. Wanda aka haifa a wurin yakan ɗauki 'ya'yan tsutsa masu yawa a jininsa bai ji komai ba, shi kuwa baƙo jikinsa faɗa yake yi da ita. Wannan ne ya sa abokan aiki 'yan ƙasa kan ce masa ba komai ba ne.

Tsutsar da ta ratsa ido ba ta cika makantarwa ba. Abin da ke ɓata ido shi ne allura ko tsinke da ake sa wa don a ciro ta, da ruwan taba ko lemun tsami da ake ɗigawa. A bar wa asibiti. 'Ya'yanta kuwa a jini suke, ba a fata ba, kuma da rana suke fitowa, saboda haka jinin gwaji tsakanin ƙarfe goma na safe da biyu na rana ake ɗibarsa.

Ga inda gizo ke saƙa. Maganin Lowa-lowa shi ne tsohuwar ƙwayar nan diethylcarbamazine, wadda ke da haɗari ga idon mai makantar kogi. Maganin makantar kogi kuma, watau Mectizan, yana da haɗari ga wanda 'ya'yan Lowa-lowa suka yi wa yawa ƙwarai. A shekarun 1990 aka ga haka a Kamaru: mutanen da ke da fiye da 30,000 a kowace mililita ta jini, in sun sha, 'ya'yan tsutsar kan mutu su toshe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, mutum ya rikice, ya suma, waɗansu suka rasu. Daga baya aka ƙera wata na'ura da ake haɗawa da wayar hannu, mai suna LoaScope, wadda ke ƙirga su daga ɗigon jini cikin 'yan mintoci. A 2015 an gwada mutum fiye da 16,000 da ita a gundumar Okola ta Kamaru, aka ware 'yan kaɗan masu yawan tsutsa, aka ba sauran magani lafiya.

Kada wannan ya tsorata kowa ya ƙi shan ƙwaya. Wani bincike da aka yi da wannan na'ura a kudancin Nijeriya, aka buga a 2018, ya nuna cewa ko a ƙauyukan da mutane da yawa suka ce sun ga tsutsa a idonsu, yawanta a jini bai kai mizanin haɗari ba. Waɗanda ya kamata su yi hattara su ne waɗanda neman abinci ya kai su dazuzzukan Kamaru, ko Gabon, ko Kwango suka daɗe, kuma Hausawa irin waɗannan ba kaɗan ba ne. Su, da duk wanda ya taɓa ganin tsutsa a idonsa, su faɗa wa mai rabo kafin su haɗiya, a gwada jininsu. Ɗan ƙarin ƙaiƙayi da zazzaɓi da kumburi na kwana biyu bayan shan Mectizan ba abin damuwa ba ne, alama ce yana aiki. Amma in mutum ya kasa tsayuwa, ko magana ta rikice masa, ko fitsari ya kuɓuce masa, a ɗauke shi zuwa asibiti a ranar, a kuma faɗi abin da ya sha. Allurar shanu kuwa ta shanu ce, awonta ba na mutum ba ne.

Baƙo ba ya cikin littafi

Rabon ƙwaya ya yi aiki. A 2018 aka dakatar da shi a jihohin Filato da Nasarawa saboda gwaji ya nuna ƙuda ya daina yaɗa ciwon, waɗansu jihohi kuma suka biyo baya. A watan Janairu na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Nijar a matsayin ƙasar Afirka ta farko da ta rabu da makantar kogi, bayan ƙasashe huɗu na nahiyar Amurka. A bakin hedkwatar hukumar a Janeba akwai gunkin yaro na jan makaho da sanda, an kafa shi don tunawa da wannan yaƙi.

To amma tsarin rabon a kan 'yan gari aka gina shi. Mai rabo ɗan ƙauye ne, gida-gida yake bi da littafin da aka rubuta sunayen dangi da maƙwabta. Bukkar 'yan ƙwadago da ke can cikin gona, da rugar da ke bayan rafi, da masu ɗiban yashi da ke kwana bakin ruwa, sau da yawa ba sa ciki, alhali su ne ƙuda ya fi ci, don su ke wuni a inda yake. Wani lokaci harshe ne ke raba su, wani lokaci kuma baƙon ne da kansa ke zargin ƙwayar kyauta, ko kuwa ranar rabo ta zo yana gida wajen noma ko bikin Salla. Haka zai shekara goma yana faɗawa tsakanin littafi biyu, na Kudu bai san shi ba, na Arewa an rufe.

Abin bai tsaya a kansa ba. A jihohin da aka daina rabo, ƙudan yana nan, tsutsa ce kawai babu. Mutumin da ya komo daga Kurmi da 'ya'yan tsutsa a fatarsa, ya zauna bakin rafin garinsu, yana iya mayar wa ƙudan abin da aka yi shekaru fiye da ashirin ana raba shi da shi.

Gyaran ba ya bukatar kuɗi. Kowace ƙaramar hukuma da har yanzu ake rabo a cikinta tana da jami'i a sashen lafiya mai kula da wannan aiki. Sarkin Hausawa, ko sarkin zango, ko arɗo, ko shugaban 'yan ƙwadago, na iya zuwa ya ba da yawan mutanensa, ya nemi a koya wa ɗaya daga cikin samarinsa mai jin harshen garin, a ba shi littafi da sandar awo, kamar yadda ake yi wa kowace unguwa. Ya kuma roƙi a sa ranar rabo lokacin da jama'arsa ke nan, ba lokacin damina da rabinsu suka koma gona ba. Mai aiki bakin ruwa ya sa dogon wando da safa ko takalmin roba, tun da ƙudan ƙasa-ƙasa yake cizo. Wanda kuma ke shirin komawa gida bayan shekaru a daji, da ƙululu a ƙugu ko fari a ƙwauri, ya biya asibiti a ɗan yanki fatar a duba kafin ya hau mota.